Azarar Ɗakin Yaya Dije

Kun taso kuna jin labarin rufin ɗakin gwaggonku Dije, kuma duk wanda ya ba ku shi, a gida ko a waje, da sunan Ilu yake ƙarewa. Na sha jin ku da kunnena kuna yara, idan wani ya yi aikin ha'inci sai ku ce ya yi irin na Ilu, ku yi ta dariya. Ina zaune nake ji, ban taɓa tsawata muku ba. Yanzu da hannuna ya daina riƙe guduma, na ga ya wajaba in rubuta muku yadda abin ya faru, domin labarin da kuka sani ba haka yake ba, kuma ni ne na karkatar da shi.

Kakanku Mamman, wanda muke kira Baba, magini ne ɗan magini. A unguwarmu nan Daura da ƙauyukan da ke kan hanyar Zango, akwai zaurukan da ya rufa tun kafin a haife ni, har yau ana zama a cikinsu. Ba ginin bango ne ya fitar da sunansa ba, zaɓen itace ne. Yakan ce ƙasarmu ba ta raga wa itace: wata da watanni rana tana gasa shi har ya tsage, sannan ruwa ya zo a taƙaice da ƙarfi ya jiƙa shi, ga gara kuma a ƙarƙashin ƙasa tana jira. Saboda haka kowane itace da wurinsa a wajen Baba. Ƙirya ita ce ta kan ƙofa da ginshiƙi, domin gara ba ta iya mata. Marke na dirkar rumfa ne. Gawo da rimi kuwa ko a turken awaki ba ya yarda a kafa su, ya ce kafin shekara ta zagayo sun zama gari. Amma abin da ya fi ba wa muhimmanci ita ce azara, wato gangar jikin giginya da ake tsagawa a tsaye a jera a kan bango, a shimfiɗa zana, a ɗora ƙasa, ta zama rufin soro. Azarar kirki daga giginya namiji take fitowa, wanda ba ya 'ya'ya, tsoho, daga gindi kuma daga baya-baya inda jikin ya yi baƙi ya yi tauri. Ta mace, da wadda aka tsago daga ciki, fara ce, ba nauyi, tana shan ruwa kamar soso. Idan Baba zai zaɓa, sai ya ɗaga kai ɗaya ya ji nauyinta, ya ƙwanƙwasa da bayan gatari ya saurara, sannan ya danna farcen babban yatsansa ya ga ko zai shiga.

Duk wannan na haddace shi tun ina ƙarami, ina iya zuba muku shi kamar karatu. Amma a baki kawai ya tsaya mini, bai taɓa sauka hannuna ba. Tun ina saurayi na bar gida na tafi Kano na koyi aikin kafinta, na shekara ashirin da wani abu ina buga rufin kwano da katakon da ake kawowa daga kudu, wanda ake saye da awo, a yanka, a buga ƙusa, a tashi. A raina ina ganin aikin ƙasa da azara aikin da ne, wanda zai ƙare tare da masu yin sa.

Wanda ya zauna da Baba shi ne Ilu. Daga wani ƙauye na wajen Mashi ya zo koyon gini, ya girma a gidanmu, a akushi ɗaya muka ci tuwo. Ya girme ni da 'yan shekaru, shi ya sa Yaya Ilu nake ce masa. Baba ne ya yi masa aure, ya yankar masa fili a bayan gidanmu. Shekara talatin yana bin Baba daga wannan gini zuwa wancan. Mutum ne marar yawan magana, kuma ban taɓa jin ya musa wa Baba ko sau ɗaya ba. Maigida yake kiran sa.

Na dawo Daura ina da shekara arba'in da 'yan kai, da mahaifiyarku da ku ukun farko, saboda ciwon yanar ido ya rufe idon Baba har ba ya gane mutum sai ya ji murya. Mutanen unguwa suka ga na zo da tef ɗin awo da fensir a bayan kunne, sai suka sa mini Injiniya. Ban taɓa gyara musu ba. A shekarar ce kuma mijin Yaya Dije ya rasu. Da ta fita takaba ta dawo gida, ta ce ɗakin marigayiya Innarmu take so, ga shi kuwa rufinsa ya tsufa. Na ce a kware shi in buga kwano cikin kwana biyu. Yaya Dije ta ce ita ba za ta yini a gaban kaskon suyar ƙosai ba sannan ta shiga ɗakin da zai soya ta, soro take so, mai sanyi a bazara. Baba ya goyi bayanta. Muna zaune a tsakar gida ana wannan magana, mahaifiyarku tana tankaɗe a gefe, sai ya ce ranar kasuwar Mai'aduwa Ilu ya je ya zaɓo azara.

Maganar ta soke ni. Ga ni ɗan cikinsa, ga matata tana ji, a ce wani za a aika. Na ce ba sai an ɗauke Yaya Ilu daga aikin da yake yi ba, ni zan je. Baba ya juyo da fuskarsa wajen muryata.

"Ka san ta, Haruna?"

"Baba, a gidan nan fa aka haife ni."

Ya ce to, Allah ya ba da sa'a. Da a lokacin na ce masa ban san ta ba, ya haɗa ni da Ilu mu je tare in koya, da babu abin da zan rubuta muku yau.

Ranar kasuwa na hau babur na tafi. Can gefen hanyar Kongolam akwai wani fili da ake jibge azara, ta gida da wadda ake shigowa da ita daga ƙetare. Mai wurin ya tambaye ni daga ina, na faɗa masa ko ni ɗan wane ne. Sai ya miƙe ya ba ni hannu biyu, ya gaya wa mutanen da ke zaune cewa ga ɗan Mamman Magini, irin waɗannan ba a nuna musu kaya, su suke nuna wa mutum. Mutane suka matso suna kallon yadda zan yi. Na ɗauki gatari na ƙwanƙwasa wannan, na ƙwanƙwasa waccan, na karkatar da kai kamar yadda na ga Baba yana yi. Duk amo ɗaya na ji. Abin da na iya tunawa kawai shi ne baƙa ita ce mai kyau, don haka na bi tarin da ya fi baƙi na yi ta nunawa ana warewa. Da na ɗaga sai na ji ba su da nauyin da nake zato, na ce wa kaina bushewa suka yi. Tafin hannuna ya yi baƙi da santsi, mai kayan ya ce maganin gara ne suke shafawa. Akwai wuƙa a aljihuna. Na yi tunanin in kankare ɗaya in ga cikinta, sai na dubi mutanen da ke kallona, na ji kunyar kada su ce ɗan Mamman sai da ya fasa itace kafin ya gane shi. Na bar wuƙar inda take.

A-kori-kura ta sauke mana kayan da la'asar. Washegari da safe Baba zai tafi Kano a yi masa aikin ido, wani ɗan ƙaninsa zai raka shi. Da ya ji ƙarar saukewa sai ya ce in kama hannunsa in kai shi ya taɓa. Na ce direba ya zube su can bayan gida bakin kududdufi, wurin da ramuka, kada ya je ya faɗi ana gobe tafiya. Gaskiya ne akwai ramukan, amma ba su na ji tsoro ba. Farcensa na ji tsoro. Baba ya ce shi ke nan, in gaya wa Ilu ya duba da kyau kafin a ɗora.

Bayan tafiyarsa da kwana biyu Yaya Ilu ya zo da ma'aikata. Mun shigo da azarar tsakar gida, mahaifiyarku tana bayan zana tana wanke-wanke. Ilu ya sunkuya ya ɗaga ɗaya da hannu guda, ya ajiye. Ya ɗaga wata. Sannan ya ciro wuƙarsa ya kankare gefe, sai ga fari fat a ƙarƙashin baƙin. Ya kai hanci ya shinshina. Ya ja ni gefe don kada ma'aikatan su ji, ya rage murya.

"Haruna, wannan mace ce, kuma ta ciki. Baƙin mai aka shafa mata. Ba za ta kai damina uku ba. A mayar da ita."

Na san gaskiya ya faɗa, tun kafin ya rufe baki na sani. Amma sai na hango kaina ina loda kayan ina komawa filin nan a gaban mutanen da aka yabe ni, na hango Baba ya dawo ana gaya masa, na hango unguwa ta ji Injiniya ya sayo soso. Ban ma tsaya tunani ba maganar ta fito.

"Baba ya duba ta kafin ya tafi. Shi ya ce a ɗora."

Ilu ya dube ni. Daga nan ya mayar da wuƙarsa cikin kube, ya ce in dai Maigida ya gani, shi ke nan. Ya yi duk abin da magini zai iya yi da mugun itace. Ya matse jerin fiye da yadda aka saba, ya ninka a tsakiya, ya ware waɗanda suka fi dama-dama ya sa su inda nauyi yake, ya rage kaurin ƙasar da aka ɗora. Kafin Baba ya dawo bayan mako uku, an yi yaɓe, an sa indararo, Yaya Dije ta tare. Aikin idon bai yi wani amfani ba, haske kawai yake bambancewa da duhu.

Damina ta farko ta wuce lafiya, ta biyu ma haka. Hankalina ya kwanta har na fara cewa a raina Ilu ne ya cika tsoro. A ranin da ya biyo baya Yaya Dije ta ce mini kullum tana share wani gari mai laushi a kan gadonta, daga sama yake zubowa. Na san ko mene ne, gara ce take cin azarar. Na ce mata ƙwari ne kawai, na sayo magani na fesa mata a kusurwoyi, ta yi ta sa mini albarka. Wannan wata dama ce kuma da Allah ya ba ni, na sake ta.

A damina ta uku aka yi marka kwana uku ba ƙaƙƙautawa. A rana ta huɗu da hantsi ruwan ya tsagaita, ina zaure ina wasa zarto, Yaya Dije ta shiga ɗaki za ta ɗauko waken da za ta jiƙa. Ƙarar ruftawar rufin ba ta da yawa, kamar an kifar da babban buhu daga kan mota. Sai muryar mahaifiyarku tana kiran sunana. Kafin in iso tsakar gida Ilu ya riga ya tsallako katanga. Da hannu muka yi ta tonon jiƙaƙƙiyar ƙasa. Muka same ta a kife, azara biyu sun danne mata ƙugu. Ilu ne ya sa kafaɗa ya ɗaga, shi ya ɗauko ta ya fito da ita har bakin titi aka sa ta a mota. Ƙashin ƙugunta ya karye. An yi asibiti, an yi ɗori na gida, ta rayu, amma ba ta ƙara tafiya a miƙe ba, ba ta kuma ƙara zama a gaban kasko ba.

Da yammacin ranar maƙwabta suka taru ana jaje, aka kewaye ɗakin ana kallo. Karyayyun azara suna nan a fili, cikinsu fari, duk hanyoyin gara, in ka murza da yatsa sai ya marmashe. Wani tsohon magini, abokin Baba, ya ɗauki guntu ya juya, ya ce shi bai taɓa zaton zai ga irin wannan itace a gidan Mamman ba. Sai wani daga baya ya ce ai a ranin da aka yi wannan rufi, a ranin ne Ilu ya rufe nasa ɗakin, kuma nasa yana nan garau. Gaskiya ne, amma Ilu da tsohuwar azarar da Baba ya ba shi ya yi nasa, ni na sani. Aka fara ƙus-ƙus. Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru, ya juyo gare ni.

"Injiniya, kai ka sayo. Waɗannan ne ka sayo?"

"Ni dai waɗanda na sayo baƙaƙe ne wuluk."

Ku duba maganar da kyau, 'ya'yana. Babu ƙarya a cikin kalmominta, kuma na daɗe ina fakewa da hakan. Amma na san abin da mutane za su ji, wato Ilu ne ya musanya masu kyau da waɗannan, don su ji shi na faɗa. Kowa ya juya ya dubi Ilu. Yana tsaye rigarsa duk laka da jinin Yaya Dije. Kalma biyu za ta wanke shi, ga ma'aikatan da suka ga ya kankare itacen suna raye. Bai dube su ba, ni ma bai dube ni ba. Wajen zaure ya duba, inda Baba yake zaune a kan buzu. Ya ce Allah ya san abin da ya faru, ya sa takalmansa ya fita.

Da mutane suka watse, Baba ya sa aka kawo masa guntun azarar. Na tsaya a bakin zaure ina kallon sa. Ya auna ta a tafin hannu, ya danna farce, farcen ya nutse. Ya shafa bayanta ya kai hanci. Ya kira sunana ba tare da ya ɗaga murya ba, don ya san ina wurin. Ya ce wannan dabarar masu sayarwa ce, kuma ba sa gwada ta sai ga wanda suka ga bai sani ba. Ya ce Ilu ko an ɗaure masa ido ba zai ɗauki wannan ya sa a kan ɗakin da Yaya Dije za ta kwana ba.

"Ba ka da abin da za ka gaya mini?"

"Babu, Baba."

Ya ajiye guntun a gefen buzunsa, ya ce in tafi.

A cikin makon mahaifiyarku ta same ni ni kaɗai. Ta ce, a hankali, ita tana bayan zana ranar da Ilu ya ja ni gefe, kuma rigar da na je Mai'aduwa da ita sai da ta kwana biyu tana fama da baƙin man da ke jikinta. Na yi mata faɗan da ban taɓa yi mata ba, na ce in ta ƙara tayar da maganar za ta ga abin da zai biyo baya. Ta yi shiru shekara da shekaru. Daga baya na gane duk watannin nan tana aika wa matar Ilu hatsi da miya a ɓoye.

Aiki ya ɗauke wa Ilu kamar an rufe famfo. Waɗanda suka yi alkawari da shi suka nemi wasu. Matarsa ta daina zuwa suna da biki saboda yadda ake tashi daga tabarmar da ta zauna. Kafin a gama girbi ya kwashe iyalinsa ya koma wani ƙauye gaba da Zango, wajen dangin matar. Babbar 'yarsa Saude kaɗai ta rage, domin tana aure a nan unguwar, ita ce wadda kuka sani a gidan da ke bayan masallaci. Ranar da zai zo yi wa Baba sallama na sani, da gangan na fita tun sassafe ban dawo ba sai da na tabbata ya tafi.

Baba bai taɓa faɗa a waje ba. Na sa shi a tsakanin ɗan da ya haifa da ɗan da ya rena, yana tsoho yana makaho, ya zaɓe ni, kuma zaɓin ya ci shi. Ya daina miƙo mini hannu in kai shi masallaci, da sanda yake lalube bango ya tafi. A ranin shekarar ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Wata rana da azahar ina ba shi kunu, ya kau da kai daga ludayin.

"Haruna, na yi shiru don kai ɗana ne, kuma za a tambaye ni a kan shirun nan. Kai kada ka iso inda za ni kana ɗauke da shi."

Na ce to. Ya rasu bayan kwana tara. Na yi kusan shekara goma sha huɗu ban cika wannan to ɗin ba.

Ɗakin Yaya Dije na buga masa kwano, ta shekara goma sha huɗu a cikinsa tana fifita da mafici a bazara. In sanyi ya shigo ƙugun ya motsa mata, sai in sayo man zafi in kai mata, in zauna a bakin ƙofa muna hira. Takan ce Allah ya isa tsakaninta da Ilu, mutumin da ta yi wa tuwo tun yana yaro. Sannan ta juyo ta ce ni kam Allah ya yi mini albarka, ba ta da kamata a duniya. Kun sha jin ta tana faɗa. Sau da yawa na buɗe baki, sai in ce bari ta ɗan samu sauƙi tukuna, bari azumi ya wuce, bari a gama bikin wance. Ta rasu ba ta sani ba. A cikin duk abin da na yi, wannan ne ba shi da gyara.

Bayan addu'ar arba'in ɗinta mahaifiyarku ta kawo mini abinci, ta ƙi tashi. Ta ce Baba ya tafi, Yaya ta tafi, an ce matar Ilu ma ta rasu bara waccan, saura mutum ɗaya, in kuma ina jiran shi ma ya tafi ne in gaya mata ta sani. Wannan karon ban yi faɗa ba. Washegari na shiga motar Zango, daga can na hau babur zuwa ƙauyen.

Na same shi a ƙofar gida yana tufkar igiya da kaba. Ya tsufa ƙwarai, haƙora sun zube. Tun daga nesa ya gane ni, ya sa aka kawo tabarma da ruwa, ya yi mini gaisuwar Yaya Dije, ya ce labari ya iso masa. Na durƙusa na fara magana, na faɗi komai tun daga filin Kongolam. Bai katse ni ba, hannunsa bai bar tufkar ba. Da na gama ya ce shi tun ranar da Maigida ya dawo daga Kano ya san ƙarya na yi, domin abin da Baba ya fara tambayar sa shi ne yaya ya ga azarar, wanda kuwa ya taɓa da hannunsa ba zai yi wannan tambaya ba. Ya ce a lokacin rufi ya riga ya hau, Dije ta tare, sai ya amsa da cewa lafiya lau. Ya ce da ya kware rufin nan a ranar, ko da zai ɓata da ni har abada, da Dije ta mutu da ƙafafunta. Shi ma, in ji shi, bai taɓa kwana ya manta ba. Na tambaye shi me ya hana shi magana a gaban mai unguwa. Ya ce ba zai iya tsayawa a gidan Maigida ya mayar da ɗansa maƙaryaci yana zaune yana ji ba.

Na roƙe shi gafara. Ya ajiye igiyar.

"Ni na daɗe da yafewa, Haruna. Amma ba a nan ka yi maganar ba. Inda ka yi waccan, can za ka yi wannan. Saude tana unguwarku da 'ya'yanta."

Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan sallar la'asar a masallacin unguwa, na miƙe na roƙi jama'a su ɗan dakata. Na faɗi abin da na rubuta muku nan, a taƙaice, na ce Ilu bai taɓa canza azara ko ɗaya ba, ni na sayo, ni na yi ƙarya aka ɗora, ni na bari aka ɗora masa. Ina magana ina duba sahu. Mai unguwar da ya tambaye ni ya rasu. Tsohon maginin ya rasu. Wanda ya fara kawo zancen ɗakin Ilu ya rasu. A cikin duk waɗanda suka tsaya a tsakar gidanmu ran nan, mutum huɗu kawai na gani, ɗaya ma ba ya ji sosai. Suka sunkuyar da kai, liman ya yi addu'a. Muna fita wani magidanci matashi ya tare ni cikin ladabi yana tambaya wai wane Ilu ne nake nufi.

Shi ya sa na rubuta. Waɗanda suka ji maganar farko sun tafi da ita, ku ne kuka rage kuna ɗauke da ita, ku da 'ya'yanku. Ku karanta musu, kada ku rage komai don ku rufa mini asiri.

Washegarin ranar masallaci, da safe, Saude ta yi sallama a gidanmu. Rabonta da shigowa tun ranar da rufin ya faɗi. Ta zauna wajen mahaifiyarku suka gaisa, suka yi zancen tsadar gero da ciwon ƙafa, ba wadda ta ambaci komai. Da za ta tafi ta iske ni a zaure, ta durƙusa ta gaishe ni kamar yadda ake gaida uba. Ta ce mijinta ya gaya mata abin da na faɗa, ta gode. Ta miƙe ta gyara mayafi, har ta kai bakin ƙofa sai ta tsaya ba ta juyo ba.

"Baba Haruna, da ma ka faɗa Innata tana da rai."

Ta jira kaɗan, sannan ta fita.